Katin Zuwaira, Idon Hajara

SHAFI NA 14

Masu cika mini waya da saƙo wai na shanya ku tun ranar Talata, na ji, ku yi haƙuri, ni ma ina da tukunya a kan wuta. Masu zagin Inna Baraka kuma ban hana ku ba, don ni kaina da nake rubuta ta akwai ranar da nake jin kamar in shiga labarin in girgiza ta. Sababbin zuwa ku matso ku ji inda aka kwana.

Shekarar 1977 ce a Katsina, lokacin da kuɗin fetur ya buɗe, kowace unguwa ta samu kemis da asibitin kuɗi. Wani kamfani na Ikko mai suna Dorimal ya shigo da maganin ciwon ciki, Kalbadin, mutanen gari suka sa masa jar ƙwaya. Sai da takardar likita ake ba da shi. Ciki kam yana kwantar da shi, amma sai ya tafi da ido. Kafin a sanar a rediyo an janye shi, mutum goma sha ɗaya a garin nan sun daina gani. Su ne suka maka kamfanin a babbar kotu, kuma sunan da ke saman takardar ƙarar shi ne na Hajara Garba, malamar firamare 'yar unguwar Gobarau, mai shekara ashirin da biyu. Gobe Alhamis ne za ta ba da shaida.

*

Lauya Gideon, lauyan masu ƙarar, bai taɓa shiga gidan su Hajara bai tsaya gaisuwa ba. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya fi wasu 'yan gari iya gaisuwar Katsinawa, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, har awakin Inna yana tambaya. Yau kuwa a karkace ya ajiye motarsa Fijo bakin lungu, ya yi sallama sau ɗaya daga zaure, ya shigo kafin a gama amsawa. A bayansa wani dattijo ne mai furfura, ya rungume hularsa a ƙirji kamar wanda aka kawo shari'a.

La'asar ta yi sanyi. Hajara na zaune kan tabarma a gindin darbejiya. Ƙanwarta Zuwaira na gefe da faifai tana tsintar shinkafa. Uwarsu, Inna Baraka, tana kan kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, ba ta ko tashi ta kawo ruwa yadda ta saba ba.

"Wace ce Zuwaira Garba a gidan nan?" in ji Lauya.

Zuwaira ta ɗago. "Lauya, kamar yau ka fara ganina? Ni ce mana."

"Na san ke ce. So nake in ji da kunnena. Idonki lafiya?"

"Lahiya lau, alhamdulillahi."

"Kin taɓa zuwa asibitin nan na Kambarawa?"

"Ko ƙofarshi ban sani ba."

Ya zaro takarda daga jaka ya wurga kan faifan, shinkafa ta watse.

"To ga katinki."

Hajara ta juyo da kunnenta wajen muryarsa. "Wane kati kuma? Lauya, karanta mani."

"Katin asibiti ne. Lauyoyin kamfani suka aiko mini da kwafi ɗazu bayan azahar, har da gaisuwa a ƙasa. Lambar da kuka ba ni ce a jiki, ranar ma ita ce, likitan shi ne, maganin shi ne." Ya ja numfashi. "Suna kuma Zuwaira Garba."

"Kuskure ne," in ji Hajara.

"Kotu ba ta san kuskure ba, Malama, takarda ta sani! Gobe lauyansu zai miƙe ya ce likita bai taɓa ganin wata Hajara ba. Ya ce ƙanwa aka rubuta wa magani, ga ta nan idonta garau. Yayar kuwa ko dai ta ɗauki abin da ba nata ba ta sha, ko kuma ba ta sha komai ba, sharri ne. Ke kuma kin riga kin rantse a rubuce cewa ke aka rubuta wa."

"Ai ni aka rubuta ma!"

"Ki gaya wa takardar. Kuma ki sani, ke ce a gaba. In suka kayar da ke, sauran goman za su bi ki a rana ɗaya."

Carbin Inna ne kawai ke ƙas, ƙas, kamar ba da ita ake ba.

Lauya ya nuna dattijon. "Wannan Malam Ishaya ne, shi ke yankan kati a asibitin. Rubutunsa ne. Da ƙyar na samo shi, da ƙyar ya yarda ya biyo ni."

Malam Ishaya ya rusuna. "Mama, ina wuni? Kin gane ni?"

Inna ta ce, "Muryar dai kamar na san ta."

"Ni kam ban manta ki ba. Ranar Juma'a ce, ana ta shirin tafiya masallaci. Kika shigo da yarinya a kafaɗa, kusan goya ta kika yi, tana murƙususu ko magana ba ta iyawa. Na ce sunan mara lafiya. Kika sunkuyar da kai. Na sake cewa, Mama, sunanta. Kika gyara mayafi. A na uku na ɗaga murya, don layi ya kai har waje, sai kika ce mini, rubuta Zuwaira."

"To mi? Ita ma ba ɗiyata ba ce?"

"Inna!" in ji Zuwaira.

Malam Ishaya ya murza hularsa. "Laifina yana ciki. Daga Filato na fito, amma shekarata ashirin a garin nan, na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Da na nutsu da na gane, na nemi wani ya faɗa mini. Sauri ya sa na rubuta. Katin kuma wurinmu yake zama, lamba kawai muke ba mutum, shi ya sa ba wanda ya gani."

Ku 'yan yanzu da kuke ɗora hoton 'ya'yanku na fari a waya kuna yi musu kirari, ba lallai ku gane ba. A lokacin, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke raino. Haka aka yi da Hajara, sai da kakarta ta rasu ta dawo gaban uwarta tana da shekara goma sha biyu. Wasu matan suna sassautawa, su laƙaba wa yaro wani suna su riƙa kira. Inna Baraka kuwa ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa a unguwar, daga "ke" sai "waccan" sai "'yar nan". Har yabonta mata suke yi a gidan biki, ni kuwa da ina nan a lokacin da ban tafa ba.

Hajara ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Ashe haka ne."

Inna ta ci gaba da jan carbi.

"Inna, da ke nike. Ina kwance ina neman mutuwa, mutum ya tambaye ki sunana sau uku, kika ba shi na wata?"

"Magani aka je nema, an kuma samu."

"An samu kam! Ga shi nan a fuskata!"

"Ki rage murya, akwai maza a gidan."

"Su ji! Gobe ma duk Katsina za ta ji. Ko cewa ki yi yayar Zuwaira ce, ya tambayi wani? Ko ki ce ya jira in farfaɗo? Shekara ashirin da biyu, Inna. Akuyar gidan nan tana da suna. Kina ce mata Baƙa, ta taho da gudu. Ni ce dai waccan."

"Haka na taras. Ni ma 'yar fari ce, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira ni ba, kuma ban mutu ba."

"Ba ki mutu ba, amma ba a kira ki maƙaryaciya gaban alƙali ba!"

Zuwaira ta kama hannun yayarta. "Yaya, don Allah."

Hajara ta fizge. "Sake ni, mai kati."

Wannan kalma ta soki Zuwaira, ta ja baya ta yi tsuru-tsuru. Ita da take yi wa Hajara jagora wata tara, har banɗaki, yau ita ce mai kati. Ban ga laifin Hajara ba, ban kuma ga na Zuwaira ba, amma raina ya ɓaci.

Lauya ya duba agogonsa. "Ku ajiye faɗan gida, ba shi ya kawo ni ba. Hanya ɗaya ta rage. Malam Ishaya zai faɗi abin da ya gani, amma shi bai san yarinyar ba, kuma za su ce shekara guda ta wuce, ya manta fuska. Wadda ta kai ta asibiti ita za ta gyara. Inna, gobe ƙarfe tara za ki tsaya a kotu, ki dafa Alƙur'ani, ki ce wadda na kai 'yata ce ta fari, sunanta kaza. Magana ɗaya ce."

"Ba ni zuwa."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Ba ni zuwa."

"Inna, mutum goma sha ɗaya ne! Akwai tela a cikinsu, akwai direba mai 'ya'ya bakwai, akwai matar da ba ta taɓa ganin fuskar jaririnta ba!"

"Allah Ya ba su lahiya. Ni ban aike su kotu ba."

Lauya ya cire tabarau ya goge. Mutum ne mai ladabi, amma yau ladabin ya ƙare.

"Tun farkon shari'ar nan kike yi mini ƙafar ungulu. Na ce ki zo kotu ki zauna kusa da 'yarki, kika ƙi. Na roƙi ragowar maganin in kai wa alƙali ya gani da idonsa, kika ce kin zuba a masai. Yanzu kuma wannan. Gaya mini gaskiya, mutanen kamfani sun zo gidan nan ne?"

Carbin ya tsaya.

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? A gidan Malam Garba, Allah Ya jiƙan shi, za ka tsaya ka ce an saye ni?"

"Tambaya na yi."

"To ka mayar da ita jakarka. Kai ka jawo mana wanga tonon asiri. Muna zaune da ƙaddararmu ka zo da mota da takardu, yau ɗiyar mutane a jarida, gobe a rediyo. Su mutanen kamfanin ba cewa suka yi ba ƙwayar ba ce? Ba cewa suka yi ƙyandar da ta yi tana ƙarama ce ta taso?"

Hajara ta miƙe zaune sosai. "Kin yarda da su ke nan? Ƙyanda, Inna? Da ƙyandar na gama kwaleji? Da ita nike rubutu a allo yara hamsin na karantawa daga bayan aji?"

"Ni dai abin da aka ce na hwaɗi."

"A'a. Na san mi ke ranki, na daɗe da sani. So kike a ce ba ƙwayar ba ce, don ke ce kike tashe ni ki ɗura mani ita. Safe, rana, dare. Ranar da na ce maki ƙafafuna na yi mani yam, idona na gani dishi-dishi, mi kika ce? Kika ce likita ya fi ni sani, in haɗiye."

"Ki iya bakinki."

"Kika ƙara komawa Kambarawa kika amso wata!"

"Na ce ki iya bakinki!"

"Kwana nawa rabon da ki fita ko ƙofar gida? Kin shige ɗaki kin bar ni da Zuwaira, ko tuwo ba ki miƙo mani da hannunki. Kunya ce wannan ko gudu?"

Inna ta juyar da kai wajen bango, leɓenta na motsi, ba a jin abin da take faɗi.

Lauya ya sake taso mata, ita ma ta taso masa, murya kan murya har awaki suka firgita. Cikin wannan hayaniya Hajara ta tashi ba takalmi, ta lalubi bango a hankali, ta bi shi har bakin zaure ta tsaya nan ta jingina, don ba ta son a ga hawayenta. Zuwaira kuwa ta matso ta zauna kan tabarmar, daidai inda yayarta ta tashi, ta kifa kai a gwiwa.

Malam Ishaya ne ya shiga tsakani. "Lauya, a yi haƙuri, uwa ce. Ba yadda za a yi ba sai ta kama sunan ba?"

Lauya ya tsaya yana huci. Can ya sauke murya.

"Shi ke nan. Alƙalin ɗan Arewa ne, ya san al'ada. Zan roƙe shi. Inna, kar ki faɗi sunan. Zan ce wa kika kai asibiti, ke kuma ki ɗaga hannu ki nuna ta a cikin mutane. Magatakarda ya rubuta sunan da kansa. Wannan ai bai taɓa kunya ba."

Kowa ya jira ta ce to.

"Ba ni zuwa," in ji Inna, amma wannan karon muryar ba ƙarfi.

"Nunin ma ya gagara?"

"Ka ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ki ba. Gwada a nan, ba alƙali, ba taro. Inna Baraka, wace ce kika kai asibitin Kambarawa ranar Juma'ar nan? Nuna mini ita."

"Lauya..."

"Nuna ta! In kika ƙi wannan, wallahi gobe da bakina zan gaya wa sauran goman ke kika kashe musu shari'a."

Hannun Inna ya taso a hankali, carbi na lilo a wuyansa, yatsa ya miƙe. Gindin darbejiya ta nuna, kan tabarma.

Zuwaira ta ɗago kai, ta ga yatsar uwarta a kanta.

"Ta nuna?" in ji Hajara daga bakin zaure.

Kan Inna ya juya da sauri wajen da muryar ta fito, hannun ya faɗi kan cinyarta.

"Zuwaira, da ke nike. Ta nuna ni?"

"Yaya..."

"Ki hwaɗa mani!"

"Ni ta nuna."

Hajara ta gyaɗa kai sau biyu. "Ko da yatsa ma Zuwaira ce. Madalla. Lauya, ka taimaka ka sauke ni gidan Gwaggona a Ƙofar Soro. Daga can zan tahi kotu su ce mani maƙaryaciya, na fi son in ji a bakin baƙo."

Lauya ya buɗe baki zai yi magana, Malam Ishaya ya ɗaga masa hannu. Dattijon ya daina murza hula. Shekara ashirin yana zaune a tagar yankan kati yana kallon marasa lafiya, kuma tara daga cikin goma sha ɗayan nan ta gabansa suka wuce lokacin da abin ya fara cin su. Ya tako a hankali ya tsuguna gaban Inna, ya zaro farin hankici ya kaɗa shi ta gefen fuskarta.

Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Mama, yatsa nawa na ɗaga?"

"Ka raba ni da wasan yara."

"Nawa, Mama?"

"...Biyu."

Hannunsa a dunƙule yake.

Zuwaira ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna, idonki!"

"Mi ya samu idonta?" in ji Hajara. Ba a amsa mata ba, sai ta amsa wa kanta, a hankali. "Hannun nan da nike ji da asuba shina goge bango daga ɗaki zuwa randa. Kullum ina ji. Na zaci ke ce kike kwaikwayona, Zuwaira, har na ƙullace ki."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba!"

Malam Ishaya bai tashi daga tsugunon ba. "Mama, ina ragowar jar ƙwayar?"

"Na zuba a masai."

"Ƙafafunki suna yi miki yam?"

Inna ta damƙe carbinta.

"Mama, don girman Allahn da kike ja wa carbi."

Inna Baraka ta kai hannu ƙugunta, ta kwance lalitarta, ta zaro ambulan biyu na asibiti, sun yi laushi don naɗewa. A jikin kowanne an ja layi uku da biro, alamar safe, rana, dare, irin yadda ake yi wa wanda bai iya karatu ba. Malam Ishaya ya zazzage su a tafinsa. Babu ko ƙwaya ɗaya.

"Ana jibi a hana maganin na amso su," in ji ta. "Ban zubar ba. Ranar da kuka dawo daga kotu, Zuwaira ta ce mani mutumin kamfani ya rantse ba ƙwaya ba ce, ƙyanda ce. Na kwana ina juya maganar. Na ce in gaskiya shike hwaɗi, to ni ma in na sha ba abin da za ya same ni. Ni ban yi ƙyanda ba."

"Kika sha?" in ji Lauya.

"Na ce in na shanye na tashi lahiya, to ba hannuna ba ne ya yi mata."

"Kwana nawa?"

"Arba'in da ɗaya. Yadda aka zana."

"Ba ki ga alama ba?"

"Na gani. Na ce tsufa ne, na ƙara mako guda."

Zuwaira ta rushe da kuka, ta rarrafa ta rungume ƙafafun uwarta. Ni ma nan na ajiye wayar na ɗan zaga, don ban san ko tausayinta zan ji ko haushi ba, kuma har yanzu ban sani ba.

Hajara ba ta motsa daga bakin zaure ba. Da ta yi magana, muryarta a bushe take.

"To mi kika gano?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na ce mi kika gano, Inna?"

"Hannuna ne."

Lauya Gideon ya zauna kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya dafe kai da hannu biyu.

"Kin san abin da kika yi mana? In kika tsaya gobe, lauyansu ba makaho ba ne, zai ga yadda ake riƙe ki. Zai tambaye ki kina dafe da Alƙur'ani, kuma ba za ki yi ƙarya ba. Sai ya juya ya ce wa alƙali, ranka ya daɗe, ga gidan da ake haɗiyar magani ba likita, uwa ma ta sha, ina ga 'ya. In kuma ba ki tsaya ba, katin nan ya gama da mu."

"Ko kuma alƙali ya ga abin da maganin ke yi da idonsa," in ji Malam Ishaya.

"Ko kuma haka. Ban sani ba. Amma ko wanne ne, nuni ya tashi. Wadda ba ta gani ba ta nuna kowa a kotu. Sai dai suna."

Hajara ta gyara mayafinta.

"Kwana arba'in da ɗaya," ta ce. "Sau uku a rana kina haɗiyar abin da ya kashe mani ido, kina kallon duniya na dushewa, duk kin iya. Suna ɗaya ne ya gagare ki. Da kin tambaye ni ai da na hwaɗa maki hannunki ne, ba sai kin saya da idonki ba. Yanzu wa za ya ja wani? Zuwaira hannu biyu gare ta, ta ja ni ta ja ki?"

"Yaya, ki tausaya mata!"

"Wa ya tausaya mani?"

Ta juya ta shiga zaure, tafinta na goge bango, shuu, shuu. Daga waje ana jin gurnanin manyan motocin siminti da ke bi ta bakin titi, ga lungun ba faɗi.

Inna ta ture Zuwaira ta miƙe. Ƙafarta ta haɗa da buta, ruwa ya malale. Ta miƙa hannu biyu gaba, ta nufi wajen madafa a zatonta zaure ne.

"Ke... ke 'yar nan, tsaya."

Shuu, shuu.

"Waccan! Akwai mota a titi!"

Sautin ya ƙara nisa.

Inna ta juya dama, ta juya hagu, ta rasa gabas. Bakinta ya buɗe ya rufe. Jijiyar wuyanta ta tashi.

"HAJARA!"

Sunan ya fito a karye, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Zuwaira ta daina kuka. Malam Ishaya ya sunkuyar da kai. A cikin zaure, hannun da ke goge bango ya tsaya.

Inna na tsaye cikin ruwan buta tana haki, hannuwanta a miƙe, tana jira.

Muryar Hajara ta fito daga zauren, ba ta ko juyo ba.

"Ba nan nike son ji ba. Gobe, ƙarfe tara."